Yadda za ka farfaɗo da wayarka da kwamfutar gida kafin ka yi tunanin sayen sabuwa

Yawancin wayoyin da ake kaiwa kasuwa a yi musanyarsu da ciko ba lalacewa suka yi ba. Cika suka yi, ko zafi ya gajiyar da batirinsu, ko an tara musu manhajojin da ke aiki a ɓoye dare da rana. Haka ma laftof ɗin da aka tura ƙarƙashin gado don ta cika nauyi: sau da yawa abu ɗaya ne ya tsufa a cikinta, sauran kayan lafiyarsu ƙalau. Ga tsadar waya, ga ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da shi a Janairun 2025, don haka gyara abin da ke hannu ya zama dole ga mai ƙaramin ƙarfi.

Bayanin na wayoyin Android ne, irin su Tecno, Infinix da itel, waɗanda duk kamfanin Transsion na ƙasar Sin ke ƙerawa, da Samsung da Redmi, sai kwamfuta mai Windows. Na rubuta sunayen wuraren dannawa yadda suke fitowa a allo. Sukan ɗan bambanta daga waya zuwa waya, kuma wanda tasa ke kan Faransanci zai same su a gurbi ɗaya. Ka bi matakan a jere, domin na farko shi ke kare ka daga asarar da na biyu kan jawo.

Mataki na farko: ajiye kwafi kafin ka goge komai

Fara da tambayar kanka: ka san adireshin Gmail ɗin da ke kan wayarka da kalmar sirrinsa? Mutane da dama mai shago ne ya buɗe musu ranar da suka sayi wayar, bai rubuta musu ba, su ma ba su tambaya ba. Wannan asusun shi ke riƙe da lambobin mutanenka da kwafin hirarrakinka, kuma idan aka yi wa wayar wankin gaba ɗaya ba ta hanyar da ta dace ba, za ta ƙi buɗewa sai an saka shi. Shiga Settings, sannan Google, sannan Manage your Google Account. Sauya kalmar sirrin, saka lambar wayarka a matsayin hanyar dawo da asusun, sannan ka rubuta duka a takarda ka adana inda kake adana takardun gida.

Daga nan sai lambobi. Buɗe Contacts, nemi Import ko Move, ka kwashe lambobin da ke kan sim da cikin waya zuwa asusun Google. Don ka tabbatar, shiga contacts.google.com daga kwamfuta. In ka gan su a can, ko wayar ta faɗa rijiya lambobinka na nan.

Sai WhatsApp: Settings, Chats, Chat backup, ka danna Back up. Kashe Include videos. Dalili kuwa, gurbin da Google ke bayarwa kyauta 15GB ne kacal, Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci, kuma tun 2024 kwafin WhatsApp ma a ciki ake lissafa shi. Bidiyoyin biki in sun taru suna iya cike shi, saƙon imel ya daina shigowa.

Hotuna da bidiyo kwamfuta ce wurinsu. Ka ɗauke ta a matsayin rumbun gida, waya kuma kwanon da ake ɗibar na yau da gobe. Haɗa su da kebul, ja allon wayar daga sama, taɓa sanarwar USB, ka zaɓi File transfer. In kwamfutar ba ta ga wayar ba, sauya kebul, domin wasu na caji ne kawai, ba sa ɗaukar fayil. Hotunan kyamara suna cikin DCIM. Na WhatsApp, a sababbin wayoyi, suna cikin Android, media, com.whatsapp, WhatsApp, Media. Buɗe folda a kwamfuta da sunan shekara, ka zuba su a ciki. Kafin ka goge na waya, buɗe wasu daga farko, wasu daga tsakiya, wasu daga ƙarshe, ka ga da idonka suna buɗewa.

Abin da ba ka son rasawa ko kusa, kamar takardun makaranta, takardar fili da hotunan iyaye, ka ƙara masa kwafi na biyu a filashi. Amma a yi hattara da memori da filashin jabu. Za ka ga an rubuta 128GB a jiki, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali ainihin cikinsa bai wuce 8GB ba. Yana karɓar fayil ba musu, sai ranar da ka buƙace su ka tarar duk sun lalace. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika shi da bayanai ta sake karantawa, ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Gwada shi ranar da ka saya, tun mai shago bai manta fuskarka ba.

Mataki na biyu: sama wa wayar wurin numfashi

Waya tana buƙatar fili don rubuta fayilolin wucin gadi yayin da take aiki. In ma'adanarta ta cika maƙil, sai ta fara maƙalewa, kyamara ta ƙi ɗauka, manhajoji su riƙa rufe kansu. Shawarata, kada filin da ya rage ya gaza kashi ɗaya cikin goma.

A wayoyinmu babban mai cin wuri WhatsApp ne, musamman zaurukan dangi, na tsofaffin ɗalibai, na wa'azi da na siyasa, inda bidiyo ɗaya kan zagayo maka sau huɗu. Shiga Settings na WhatsApp, Storage and data, Manage storage. Zai ware maka fayilolin da suka haura 5MB da waɗanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu, a ƙasa kuma ya jera zauruka daga mafi nauyi. Fara da na sama. Cikin minti goma mutum kan kwato gigabait da yawa.

Sharar ba za ta yi amfani ba in ƙofar na buɗe. A wannan shafin dai, ƙarƙashin Media auto-download, cire alamar hoto, sauti, bidiyo da takardu, a ɓangaren data da na Wi-Fi duka. Daga yau sai abin da ka taɓa da yatsanka ne zai sauka. Saƙon murya shi kaɗai zai ci gaba da sauka da kansa, shi kuwa ba shi da nauyi.

Sai tarkacen manhajoji. A Settings na waya, shiga Apps, zaɓi TikTok, Facebook, Chrome ko Telegram, shiga Storage. Za ka ga maɓalli biyu, kuma a nan ake yin kuskure mai ciwo. Clear cache tarkace kawai yake sharewa, ba ya taɓa komai naka. Clear data kuwa mayar da manhajar yake kamar yau aka girka ta: a WhatsApp hirarraki sun tafi, a manhajar banki sai ka sake rajista. Na farkon za ka danna.

Duba foldar Xender ma, domin abin da aka turo maka yakan zauna a can bayan ka riga ka kwafe shi wani wuri. Manhajar Files by Google tana gano fayilolin da suka maimaitu. Bayan gogewa ka shiga kwandon shara ka zubar, in ba haka ba abin da ka goge zai yi kwana 30 yana riƙe da wurin.

Manhajojin da ke cewa suna sanyaya waya ko ƙara mata gudu, cire su gaba ɗaya. Talla suke kawowa, su sha caji, su rufe manhajojin da wayar za ta sake buɗewa da ƙarin wahala. GB WhatsApp da danginsa ma haka: ba na kamfanin ba ne, kana iya wayar gari an rufe maka lamba. Waɗanda suka zo da wayar kuma suka ƙi cirewa, danna Disable in akwai, ko ka kashe musu sanarwa. Mai ƙaramar waya, 2GB ko 3GB na RAM, wato ma'adanar da ke riƙe aikin da ake kan yi, ya koma Facebook Lite, zai ga bambanci a ranar.

Mataki na uku: toshe inda data ke yoyo

Kafin ka zargi kamfani, duba lissafin da wayar ke riƙewa. A Settings nemi Data usage, za ka ga kowace manhaja da abin da ta ci a watan. Taɓa ta sama, ka dubi Background, wato abin da ta ci ba ka buɗe ta ba. Kashe mata Background data in ba ta saƙo ba ce. Sannan ka kunna Data Saver, wanda ke cikin Android tun sigar 7 ta 2016. A Najeriya lambar duba ragowar data ɗaya ce a kowane layi tun 2023, wato *323#. Duba da dare kafin ka kwanta, ka sake dubawa da asuba. In ta ragu sosai, akwai mai ci a ɓoye.

A Play Store, shiga Settings, Network preferences, ka mayar da Auto-update apps kan Wi-Fi kawai. Sai dai ga inda ake tuntuɓe: MiFi ɗinka ko hotspot na wayar ɗan'uwanka su ma Wi-Fi ne a wurin waya, tana ganinsu za ta saki jiki ta fara sabunta komai. Shiga bayanan wannan Wi-Fi ɗin ka zaɓi Treat as metered, don ta san datar saye ce.

Bidiyo ne ke cinye mafi yawa. Kashe Autoplay a Facebook, kunna Data Saver a TikTok, a YouTube kuma ka sauke ingancin hoto zuwa 360p ko 480p. A allon waya mai inci shida ba za ka rasa komai ba, musamman in karatu ko wa'azi kake saurare.

Kwamfuta ta fi waya haɗama. Da zarar ka jona ta da hotspot, Windows na iya fara sauke sabuntawa ta gigabait biyu ko uku ba sallama. Shiga Settings, Network and internet, Wi-Fi, buɗe bayanan hotspot ɗin, ka kunna Metered connection. Ba ina nufin a daina sabuntawa ba, domin ita ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke shiga. Ware mata dare ɗaya a wata, ka sayi datar dare mai rahusa, ka kashe Metered, ka bar ta ta gama, da safe ka mayar.

In kuma katinka ne ke raguwa haka kawai, a Najeriya danna *305# don dakatar da hidimomin da aka saka ka ba ka sani ba. Tura STOP zuwa 2442 kuma yana tsayar da saƙonnin talla.

Mataki na huɗu: batir, zafi da wutar lantarki

Babban makashin batirin lithium zafi ne. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da wayoyinsa a yanayin da bai haura digiri 35 ba, kuma sinadarin batirin sauran wayoyi duk dangi ɗaya ne. A Sakkwato, Maiduguri, Yamai ko Damagaram kuwa, watan Afrilu kan wuce 40 a inuwa. Ke nan tun kafin ka jona caja wayar ta riga ta kai iyaka. Cire mata rigar roba lokacin caji, ajiye ta a kan siminti ko tayil, ba ƙarƙashin filo ba, ba gaban gilashin mota ba. Kallon bidiyo ko wasa tana kan caji zafi biyu ne kake haɗa mata.

An fi so batir ya riƙa yawo tsakanin kashi 20 da 80. Amma wanda ba ya ganin wuta sai bayan kwana biyu ba zai cire waya a 80 ba, kuma ban ga laifinsa ba. Cika abinka. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ka riƙa barinta ta mutu murus kullum. Maganar a bar sabuwar waya ta ƙare tas kafin a yi caji ta tsofaffin batura ce masu sinadarin nikel, ba ta shafi na yanzu ba.

Ajiye wayar a kan tebur ka dube ta ta gefe. In murfin baya ya ɗaga, ko allon ya fara rabuwa da jiki har kana ganin siririn haske ta tsagar, batirin ya kumbura. Kada ka matse shi, kada ka sake yin caji, kai a sauya a ranar. Irin wannan ne ke kama wuta.

Wayar da sai an karkata kebul take caji, sau da yawa datti ne. Kashe ta, haska ramin cajin da tocila, ka saka tsinken sakace na itace a hankali kana goga ƙasan ramin. Za ka yi mamakin dunƙulen zaren aljihu da ƙura da zai fito, ya daskare har kan kebul ba ya kaiwa ƙarshe. Ban da allura ko wani ƙarfe.

Idan an kawo wuta, dakata minti biyu ko uku kafin ka jona kaya, domin a lokacin dawowarta ne ta fi zuwa da ƙarfi. Janareto ma a bari ya daidaita tukuna. Kwamfutar tebur tana buƙatar UPS, akwatin batir da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, saboda ɗaukewar wuta tana tsakiyar rubutu kan lalata fayil, wani lokaci har Windows ɗin kanta. Kuma inda sabis ba shi da ƙarfi waya tana shan caji wajen neman sa. In babu 5G a unguwarku, mayar da ita 4G a Preferred network type.

Mataki na biyar: kwamfutar da ta yi nauyi

Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A shafin Startup, kashe duk manhajar da ba ka buƙatar ta tashi tare da kwamfuta. Sannan ka koma Performance ka dubi abu uku: CPU, Memory da Disk. In Disk ya tsaya a kashi 100 kuma an rubuta HDD a ƙarƙashinsa, ka gano ciwon.

HDD faifai ne mai juyawa da allurar karatu, yawanci zagaye 5400 a minti a laftof. SSD kuwa, ma'adanar da ake sakawa a madadinsa, ba abin da ke motsi a cikinsa. Na SATA, wanda ke shiga gurbin tsohon faifan, yana karanta kimanin 500MB a daƙiƙa, wajen ninki biyar na faifan, kuma wajen buɗe ƙananan fayiloli ratar ta fi haka nesa. Babu gyaran da ke sauya tsohuwar kwamfuta kamar cire HDD a saka SSD. Laftof ɗin HP, Dell ko Lenovo ta hannu da ke cin minti uku kafin ta tashi takan koma ƙasa da rabin minti. Mai 256GB ya ishi aikin gida da makaranta. Tsohon faifan kuma kada ka bar wa mai gyara: saya masa ɗan akwati mai kebul na USB, ya zama ma'ajiyar hotunan da ka kwashe a mataki na farko. In kuma Memory ce ke cika, ƙara RAM daga 4GB zuwa 8GB, bayan an duba ko DDR3 ce ko DDR4, domin ba sa shiga gurbin juna, wasu kwamfutocin ma a manne take ba ta ƙaruwa.

Wajen mai gyara, ko a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ne ko a shagon unguwa, ka faɗi sharuɗɗanka tun kafin a kwance dunƙule ɗaya: "Malam, don Allah kada a yi fomatin sai an kira ni, kuma duk abin da aka cire a ba ni kayana." Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Tunda an buɗe ta, a share fanka. Bayan hunturu ɗaya ko biyu, ƙura kan taru tsakanin fanka da ƙarfen fitar da zafi, ta yi kauri har a ɗago ta da yatsa a dunƙule, iska ba ta wucewa sam. Alamarta fanka mai kuka, jiki mai zafi, da kwamfutar da ke mutuwa da kanta. A riƙe fankar da yatsa yayin hura iska, a kuma sauya man da ke kan firosesa in ya bushe. A gida kuwa daina ɗora ta a kan katifa ko darduma, ta ƙasa take shan iska. Faranti ko katako ya wadatar.

Don sanin lafiyar batirinta, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai fitar da rahoto mai nuna Design capacity, ƙarfinsa na asali, da Full charge capacity, abin da yake iya riƙewa yanzu. Wannan gwajin ka yi shi a gaban mai sayarwa duk lokacin da za ka sayi laftof ta hannu.

Riga-kafin bairos guda ɗaya ya isa, kuma Windows Security da ke zuwa da Windows 10 da 11 yana aikin. Biyu a kwamfuta ɗaya nauyi kawai suke ƙarawa. Filashin da ya je shagon buga takardu a bincike shi kafin a buɗe. In foldoyinka sun koma masu 'yar kibiya a kusurwa, kada ka danna su, bairos ne ya ɓoye na ainihin.

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, sai dai shirin ƙarin sabuntawar tsaro da ta buɗe wa masu amfanin gida zuwa 13 ga Oktoban 2026. Windows 11 tana neman sashen tsaro da ake kira TPM 2.0 a cikin kwamfutar, da firosesar Intel ta zubi na 8 zuwa sama, ko makamanciyarta ta AMD. Wadda ba ta cika sharaɗin ba ana iya saka mata Linux Mint a madadin Windows, kyauta ce, ba ta da nauyi, tana zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel. Ga yara masu koyon rubutu da bincike ta wadatar sosai.

Mataki na shida: sa su aiki tare, ka kuma kulle ƙofa

Buɗe web.whatsapp.com a kwamfuta, a waya ka shiga Linked devices ka haska alamar QR da ta fito a allon kwamfutar. Ɗan kasuwa mai amsa saƙonni da yawa zai huta da rubutu a ƙaramin allo. Ana iya haɗa na'urori har huɗu, don haka ka riƙa leƙa jerin, in ka ga wadda ba ka sani ba ka fitar da ita nan take. Tura fayil ba kebul kuma, Quick Share na aiki tsakanin Android da Windows ba tare da cin data ba.

Mai rubutu da Hausa ya ƙara harshen a Gboard ta Settings, Languages, zai sami ɓ, ɗ da ƙ. A Windows ma akwai allon rubutun Hausa a ƙarƙashin Time and language.

Danna *#06# ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayarka, a takardar nan da ka rubuta Gmail, domin ita ake nema in an kai rahoton sata. A WhatsApp kunna Two-step verification ka saka lamba shida da kai kaɗai ka sani, kuma lambar da ke zuwa ta saƙon tes kada ka karanta wa kowa, ko da ya ce daga zauren makarantarku yake kira.

Na ƙarshe, wanda na fi so kowa ya yi yau ɗin nan, shi ne kulle sim. Ɓarawon waya ba ya buƙatar buɗe allonka: zare layin zai yi ya saka a wata wayar, ya gwada lambobin banki na USSD. A Settings, Security, nemi SIM card lock, kunna shi da lambar asali ta kamfanin layinka, sannan ka sauya ta da taka. Kada ka yi ta canka, kuskure uku ke rufe layin sai da PUK. PUK ɗin lamba takwas ce da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki, kuskure goma a kanta kuma yana kashe sim ɗin gaba ɗaya. In katin ya ɓata, je ofishin kamfanin da lambarka ta NIN a ba ka PUK ɗin kafin ka fara.